Naƙudar da ta kai dare uku: lamarin wata mai haihuwar fari

Haihuwar fari ce, shekarunta 24, ciki ya cika sati 40 har ya ɗan gota. Ba zan faɗi sunanta ba balle na asibitin. Ni ungozoma ce, ina cikin waɗanda suka karɓe ta. Katin awonta tsaf yake, ba ta fashin zuwa, ba hawan jini ba suga, sikanin ya nuna jariri ɗaya kai a ƙasa. Abu ɗaya da aka ja wa layi shine jininta ya ɗan yi ƙasa a wata na takwas, an ba ta maganin ƙarin jini tana sha tana tsallakewa saboda yana tayar mata da zuciya.

Ciwon ya fara mata da daddare, ba a mara ba, a ƙugu da gadon baya, ya zo ya tafi ba tsari, wani lokaci bayan minti goma wani lokaci ya yi rabin awa shiru. Da asuba suka zo ita da yayarta. Aka duba, bakin mahaifa ya buɗe santimita 2 cikin goman da ake buƙata kafin a haihu, kuma da sauran kaurinsa, faya ba ta fashe ba, bugun zuciyar jariri lafiya lau. Aka ce mata naƙuda ce amma irin ta tsaye, tunda gida ba nisa ta koma ta huta, in faya ta fashe ko ta ga jini ko motsin jariri ya ragu ko ta ji ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, toh ta dawo ko ƙarfe nawa ne.

Ta koma amma hutun bai samu ba. Wuni guda tana zaga ɗaki, in ta kwanta bayan kamar zai ɓalle, abinci ko ƙamshinsa ba ta so, ruwa ma sai ta kurɓa ta ajiye. Dare na biyu wajen ƙarfe ɗaya suka dawo, leɓenta a bushe idanu sun faɗa. Na duba, santimita 3. Ina faɗa mata ta fashe da kuka, tace "Anti tun jiya fa, ɗaya kawai ya ƙaru? Toh yaushe zan kai goman?"

A wajena nan ne lamarin ya fi haɗari, ba ga jikinta ba, ga zuciyarta. Mace in ta yi lissafi ta ga wahalar awa ashirin da wani abu ta ba ta santimita ɗaya, sai ta ninka ta ga saura mako guda, daga nan ta sare. Kuma lissafin ba haka yake ba sam. Kafin bakin mahaifa ya fara buɗewa da sauri sai ya yi laushi, ya gajarce, ya yi siriri, ya matso gaba, kuma a haihuwar fari wannan aikin shi ke cin lokaci alhali ba ya fitowa a lambar da ake faɗa wa mace. Na zauna bakin gadon nace mata ƙanwata, jiya da asuba bakin mahaifarki da kauri yake, yanzu ya zama siriri, ciwon nan bai tafi a banza ba. Ta ɗan yi shiru tana kallona, tace da gaske? Nace da gaske.

Shekaru da yawa ana auna kowace mace da dokar santimita ɗaya a awa ɗaya. Asalinta aikin wani likita ne a Amurka, Emanuel Friedman, a shekarun 1950, sannan a 1972 wasu masu bincike biyu, Philpott da Castle, suka fito da takardar bin naƙuda mai layin gargaɗi da ungozomomi da yawa suka koyi aiki da ita. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabuwar ƙa'ida tace wannan saurin bai dace da kowace mace ba, kuma rashin cika shi kaɗai ba dalili ba ne na sa ruwan naƙuda ko yin tiyata. Tace naƙuda mai ƙarfi daga santimita 5 take farawa, kafin nan ba wani tsayayyen lokaci, kowace da nata. Daga 5 zuwa 10 kuwa yawanci ba ya wuce awa 12 a haihuwar fari, awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa.

Da na lalubi cikin sai na gane dalilin ciwon bayan. Gaɓoɓin jariri duk a gaba ake jin su, ƙasan cibiya ya ɗan lotsa, ma'ana ƙeyarsa tana wajen bayan uwar fuskarsa tana kallon cikinta, maimakon akasin haka. Kai dai a ƙasa yake amma bai sunkuya sosai ba. Kamar mutum ne zai sa riga mai matsattsen wuya, in ya sunkuyar da kai ta shige, in ya ɗaga haɓa ta maƙale. Jariri mai irin wannan kwanciyar yana danna ƙashin bayan uwa, kansa ba ya zama daidai a bakin mahaifa ya taimaka wajen buɗe shi, shi ya sa naƙudar ke ja kuma ciwon ke taruwa a ƙugu. Mafi yawansu suna juyawa da kansu kafin a kai ƙarshe, wasu kuma ba sa juyawa.

Muka kwantar da ita. Likita ya rubuta allurar rage zafi, fetidin, dan ta samu ta runtsa, kuma an ba ta ne da sanin haihuwa da saura, saboda in aka yi ta dab da haihuwa tana iya rage wa jariri ƙarfin numfashi. Ta yi barcin da bai kai awa uku ba, amma ta tashi ta zama wata daban, har ta nemi abin da za ta ci. Inda ake da allurar baya mai kashe zafin naƙuda, mace irin wannan tana cikin waɗanda suka fi amfana da ita, kuma ba abin kunya ba ne mace ta nema. Ni ban yarda da maganar wai sai an sha wuya har ƙarshe ake zama uwa ba.

Ƙarfe takwas na safe ta kai 5. Aka buɗe mata takardar bin naƙuda, bugun zuciyar jariri duk rabin awa, ƙirga ciwon, hawan jini, zafin jiki, fitsari, duba bakin mahaifa duk awa huɗu ba kowane lokaci ba saboda yawan sa hannu yana kawo ƙwayoyin cuta.

Yayarta ita ce ta riƙe ta a wannan wunin, kuma ina so in tsaya a kanta dan mutane suna raina aikin mai rakiya. Na nuna mata sau ɗaya ta kama. In ciwo ya taso sai mai naƙudar ta durƙusa ta kifa ƙirjinta a kan gado, yayar ta sa tafin hannu a ƙasan gadon bayanta ta danna da ƙarfi, ba shafawa ba, dannawa har hannunta yana rawa, tana ce mata ja numfashi ta hanci, sake shi a hankali, sake kafaɗarki, ya kusa wucewa, ya wuce. Yana wucewa ta miƙa mata ruwa ta kurɓa, ta goge mata fuska da tsumma mai sanyi, ta ɗora mai ɗumi a ƙugu. Ba ta taɓa ce mata ki yi haƙuri kowa ma haka ta haihu ba. Abin da take faɗa kawai shine wannan ɗayan za mu gama, na gaba sai ya zo. Da mai naƙudar ta daka mata tsawa ta ture hannunta, ba ta ji haushi ba, ta ja baya ta tsaya inda za ta gan ta, can kuma ta ji an ce "Yaya zo ki danna min." Wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, a 2017 da ya haɗa gwaje-gwaje 26 da mata sama da 15,000 ya nuna mace mai wanda ke tare da ita tun daga farko har ƙarshe naƙudarta ta fi gajarta, ta fi tsira daga tiyata, kuma ba ta cika fita da mummunan tunani kan haihuwar ba. Abin da na gani a ɗakin nan bai saɓa da haka ba.

Wani aikin da yayar ta yi shine ta karɓe wayar. Tun safe ake kira, har yanzu shiru? Wannan yace a sa mata ruwan naƙuda mana, wancan yace a yi aiki kawai a huta, wata tace ita awa uku ta yi ta haihu. Duk soyayya ce amma mai naƙuda ji take kamar jarabawa take faɗi. Yayar ta miƙa wa maigidan wayar tace shi zai riƙa amsa kowa, mu kuma muna fita muna faɗa masa halin da ake ciki.

Sha biyun rana santimita 6. Ƙarfe huɗu na yamma, 6 ɗin dai.

Toh a nan haƙuri ya daina isa, dole a nemi dalili. Naƙuda in ta tsaya abu uku ake dubawa, ƙarfin matsawar mahaifa, jaririn da girmansa da yadda ya kwanta, sai hanyar da zai bi wato ƙashin ƙugu. Na ɗora hannu a cikinta na ƙirga, ciwo biyu a minti goma, kowanne bai kai sakan 30 ba, alhali da safe ya fi haka. Mahaifa tsoka ce, ta gaji. Fitsarinta kaɗan ne kuma ya yi duhu, gwaji ya nuna jikinta ya koma ƙona kitse saboda yunwa, ga mafitsara ta cika ta taso a saman mara ta kasa yin fitsarin saboda kan jariri ya danne hanya, ita kuma cikakkiyar mafitsara tana tare wa kai sauka.

Likita ya zo ya duba da kansa, kuma abin da yake nema shine alamar hanya ta toshe. Shin ƙasusuwan kan jariri sun hau juna sosai? Kan ya kumbura da yawa amma bai sauka ba? Bakin mahaifa ya kumbura? Cikin ya rabu biyu da wani layi a tsakiya? Akwai jini a fitsari, zazzaɓi, bugun zuciyar uwa ya hau? Ba ko ɗaya. Kan ya ɗan sauko a kan yadda yake da safe, bugun jariri yana tsakanin 130 da 145, kuma lafiyayye daga 110 zuwa 160 ne. Doguwar naƙuda ce, ba toshewa ba. Bambancin nan ba a gane shi da ido ko da yawan ihun mace, sai wanda ya koya ya duba, shi ya sa zama a gida ana jiran ikon Allah kwana biyu uku cikin naƙuda mai ƙarfi yake cin rayuka. In hanya ta toshe, kan jariri yana matse mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, bayan kwanaki mace ta fara yoyon fitsari, ko mahaifa ta fashe a rasa uwa da ɗa. Kuma mafi muni shine a yi wa irin wannan allurar naƙuda a inda ba mai ƙirga ciwo ba mai sauraron jariri ba ɗakin tiyata, ana tilasta wa mahaifa ta tura abin da ba zai wuce ba.

Yadda likitan ya yi mata magana ya burge ni. Ya ja kujera ya zauna, aka kira maigidan, yace za mu cire fitsarin da roba, mu ƙara miki ruwa, mu fasa faya mu ga kalar ruwan, sannan mu sa ruwan naƙuda kaɗan kaɗan. Zan dawo bayan awa huɗu, in ba a ci gaba ba ko jariri ya nuna ya gaji kafin nan, tiyata za mu yi, kuma gara mu yi maganarta yanzu kina cikin hankalinki. Ta tambaya ko in an yi mata aiki shikenan ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba, yace ba lallai ba, mata da yawa suna haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya in dai a asibiti ne ana kula. Aka ɗebi jininta aka tanadi wanda ya dace da ita. Daga baya ta faɗa min wannan awa huɗun da aka yanka mata ita ta dawo mata da ƙarfi, dan ta san abin yana da iyaka.

Ruwan faya ya fito fari tas ba kashin jariri. Aka fara ruwan naƙuda ana ƙarawa a hankali har ciwo ya kai uku zuwa huɗu a minti goma kowanne ya haura sakan 40, aka tsaya a nan, dan in ya wuce biyar jariri ba ya samun hutun da jini zai koma masa. Gaskiya ciwon ruwan naƙuda ba wasa ba ne, yana zuwa a jere ba ya ba mace sararin shiryawa. Wajen ƙarfe takwas ta fara amai, jikinta na karkarwa, tana cewa ku cire min shi, na fasa, Yaya ki yafe min mutuwa zan yi. Yayar ta kalle ni idonta ya kawo ruwa. Na duba, 8. Nace mata wannan maganar da kike yi ita muke jira tun jiya, mata suna yin ta ne in an kusa.

Sai wata matsalar, nishi ya taso mata kafin bakin ya gama buɗewa, abin da ke yawan faruwa in ƙeyar jariri tana baya. Muka kwantar da ita ta gefen hagu, in ya taso ta riƙa hura iska gajere gajere, yayar tana hurawa tare da ita fuska da fuska. Ƙarfe goma ta kai 10, awa 14 kenan daga santimita 5, ta haura abin da aka saba gani amma ana bin ta taki-taki.

Nishin ya wuce awa biyu. Ta gwada a durƙushe, ta gefe, a tsugune tana rataye da wuyan yayarta, muna sauraron jariri duk minti biyar. Kan ya sauko har ana hango gashi in ta yunƙura, sai ya tsaya a nan, ita kuma ƙarfinta ya ƙare, tana nishi amma ba ya zuwa ko'ina. Yayar tace Sista ko in danna mata cikin ta sama? Nace a'a, kar ki taɓa, danna ciki yana iya fasa mahaifa ko ya ji wa jariri ciwo, an hana. Can bugun jariri ya fara sauka bayan ciwo yana jinkirin dawowa. Likita ya duba, bakin mahaifa a buɗe gaba ɗaya, kai ya sauko ƙasa sosai, mafitsara ba komai, dan haka ba sai an je tiyata ba, za a taimaka da na'urar zuƙo, mai ɗan kofi da ake mannawa a kan jariri a jawo shi. Ya faɗa mata, ta ɗaga kai. Aka yi allurar kashe zafi aka yi mata ƙari, wato ɗan yankan da ake yi a gaban mace dan hanya ta ƙaru, ba wai dan kowace mai haihuwar fari sai an yi mata ba, dan wannan yanayin ya buƙata. Aka manna kofin a kan jariri, tana nishi likita yana ja, a ja na uku ya fito fuskarsa tana kallon sama, bai juya ba har ƙarshe. Namiji, kilo 3.6.

Bai yi kuka ba. Aka goge shi da ƙarfi aka shafa bayansa, shiru, aka yanke cibiya aka sa masa robar hura iska kafin minti ɗaya ya cika. Uwar tana ta tambaya me ya sa bai yi kuka ba, nace ana taimaka masa ya yi numfashi, zuciyarsa tana bugawa. Ban ce mata lafiya lau ba sai da ya tsanyara kuka. Aka ɗora mata shi a ƙirji aka lulluɓe su tare.

An yi mata allurar da ake wa kowace mace da zarar ta haihu dan mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta fito cikakkiya, amma duk da haka jini ya ɓalle. Ba mu yi mamaki ba, mahaifar da ta daɗe tana aiki kuma aka ƙara mata da ruwan naƙuda takan saki bayan haihuwa, kuma wannan sakin shine babban dalilin zubar jini. Ledar awo da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta ta nuna ya haura mililita 500, nan take aka haɗa komai lokaci guda, ina murza mahaifa ta saman ciki, wata ta ƙara maganin tsuke mahaifa, wata ta yi allurar tsayar da jini, taranekzamik, aka buɗe ƙarin ruwa, likita yana duba ko akwai yagewa. Wannan tsarin na auna jini da leda da yin komai a tare shi aka gwada a asibitoci 80 a ƙasashe huɗu, sakamakon ya fito a 2023 cewa ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Jinin ya tsaya kafin ya kai lita ɗaya. Mace mai isasshen jini za ta iya ɗaukar wannan, ita kuwa da ma nata a ƙasa yake, sai da aka ƙara mata jini leda ɗaya.

An bar mata robar fitsari har washegari, da aka cire ta yi da kanta ba yoyo. Kumburin da kofin ya bari a kan yaron ya sauka cikin kwanaki, aka riƙa duba idonsa da fatarsa saboda shawara.

Jiki ya warke kafin zuciya. Da ta dawo wanke ɗinki sai na ga ba ta kallon kowa, yayar tace ba ta barci ko yaron ya yi barci, da ta rufe ido sai ta ga lokacin da bai yi kuka ba. Ita kuma tace min ji take ta gaza, wasu suna haihuwa salin alin ita sai da aka jawo mata. Na ɗauko takardar naƙudarta muka bi ta layi layi, ga inda kika tsaya ga dalili, ga yadda ya kwanta, kilo 3.6 da ƙeya a baya kika sauko da shi har inda hannu zai kai, da ba ki yi wannan ba da kofin bai yi amfani ba. Ta yi tambayoyin da ta riƙe tun ranar, har da ko tsallake maganin ƙarin jini ne ya jawo doguwar naƙudar, nace a'a, shi dai ya sa aka ƙara miki jini. Kukan kwanakin farko bayan haihuwa yawanci yana wucewa cikin sati biyu, in ya zarce haka, ko mace tana ta ganin abin yana dawo mata, ko ta ji ba ta son taɓa jaririn, ko tunanin cutar da kanta ya zo mata, toh ciwo ne da ake magani, a kai ta ga likita. Na faɗa wa maigidan haka a gabanta, nace kuma ya riƙa karɓar yaron wani ɓangare na dare ta samu barci a jere.

A duba na sati shida ɗinki ya warke, barcin ya fara dawowa duk da tace har yanzu gabanta na faɗuwa in ta wuce ƙofar ɗakin haihuwa, dan haka aka haɗa ta da mai ba da shawara. Ta tambaya ko na gaba ma haka zai kasance. Nace naƙuda ta biyu yawanci ta fi gajarta, kuma ba dole wani jaririn ya kwanta haka ba, amma zubar jini yana iya maimaituwa, saboda haka duk inda za ta yi awo ta faɗa tun ranar farko kuma ta haihu inda ake da jini a ajiye. Muka yi maganar ba da tazara, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla wata 24 kafin wani cikin, aka canza mata maganin ƙarin jini zuwa wanda cikinta zai ɗauka, za ta sha na wata uku sannan a sake auna jinin.